Ranar da Sammani Ya Je Kallon Giwa

Kowa a Kura ya san cewa makon da shinkafa ta yi nono ba makon tafiya ba ne. A lokacin ne jan-baki ke sauka, ƙananan tsuntsayen nan masu zuwa dubu-dubu, su tsotse zangarniya su bar wa mutum ƙaiƙayi a tsaye. Sammani ya fi kowa sani, don shekara ashirin ya yi yana noman rani a bakin kanal. Amma da Alhaji Usaini mai injin casa ya ce akwai gurbin mutum ɗaya a sabuwar motarsa, za su gandun daji kallon namun dawa ranar Asabar, sai sanin shekara ashirin ya bi ruwa.

Ba giwa ce ta dame shi ba. So yake a gan shi a motar Alhaji, a ce Sammani ma ya shiga sahun manya. Matarsa Kubra ta tuna masa cewa gonar nan ita ce abincin gidan har ƙarshen damina. Ya ce wuni ɗaya ne kawai, kuma ya yi tanadi: ya kewaye gonar da igiya da gwangwanaye, ya kafa mutum-mutumi ya sa masa tsohuwar rigarsa da hula. Ta tambaye shi wa zai ja igiyar. Ya ce iska.

Awa uku suka yi a hanya. A ƙofar gandun wani ɗan rakiya mai koren kaki ya shigo, sai aka tura babban baƙo Sammani can baya, aka ɗora masa kular abinci a cinya. Dokar wurin ita ce shiru. Haka ƙattai biyar suka yi ta zagaya daji suna raɗa, wuya a miƙe, suna ƙura wa ciyawa ido. Sun ga wutsiyar wani abu ta shige duhuwa, ɗan rakiya ya rantse gwanki ne. Wani gwaggon biri ya zura hannu ta taga ya ɗauke burodin Alhaji, aka ce ai wannan sa'a ce. Wajen azahar aka tsaya gaban wani tulin kashi, aka ce giwa ce ta wuce jiya. Manyan mutane da manyan riguna suka sauko suka kewaye shi suna ɗaukar hoto, Sammani ma ya ɗauki uku a wayarsa.

Can kusa da wani tafki ɗan rakiya ya ɗaga hannu a tsaya. Wani baƙin gungun tsuntsaye ya taso daga bishiyoyi yana murɗawa a sama kamar hayaƙi, ya sauka kan ciyawa. Alhaji ya ce masha Allah, bai taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Sammani kuwa ko daga nesa ya san maƙiyinsa. Kafin ya ankara ya fizge murfin kula yana bugawa da cokali, yana kwarma ihun da ya saba yi a gona. Tsuntsayen suka tashi, motar ta kwashe da dariya.

Shi bai yi dariya ba. Ya ga inda gungun ya koma: gefen tafkin da babu motsi. A daidai wannan lokacin maƙwabtansa duk suna gonakinsu suna ihu suna harba majajjawa, kuma tsuntsun da aka kora daga gona goma, gonar da ta yi shiru yake nema. Ya roƙi Alhaji, ranka ya daɗe, a kama hanya. Alhaji ya ce ba a ga ɓauna ba tukuna.

Ba a ga ɓaunar ba. Da yamma lis aka sauke shi a bakin titi, don Alhaji ba ya son tayarsa ta taka taɓo, ko mutum ɗaya bai ga Sammani yana fitowa daga motar ba. Ya runtuma zuwa gona. Zangarniyar da ya bari a sunkuye don nauyi duk ta miƙe tsaye, fara fat. Jan-baki uku na hutawa a kan hular mutum-mutumi.

Maƙwabcinsa Mudassiru ya taso, muryarsa ta dishe saboda ihu. Ya ce ya kore masa su sau biyu, amma shi ma yana da tasa gonar.

"Mu ma mun sha kallo, Malam Sammani," in ji shi. "Tun hantsi suke sauka."

A gida Kubra ba ta yi faɗa ba, labari ya riga shi isowa. Ta miƙa hannu ta ce ya nuna mata giwar. Ya ba ta wayar yana kallon ƙasa. Ta daɗe tana duban tulin kashin, ta wuce hoto na biyu, ta wuce na uku, sannan ta ajiye masa wayar a kan murfin tukunya.

"To, Malam," ta ce, "wanne zan fara dafa wa yara?"