Sumar Mai Alli

Kafin yaƙin nan, babu inda ya kai shagon askin Babana surutu a unguwarmu. Kujerar aski ɗaya ce, mai juyawa, fatarta ta tsage ta hagu har soso ya leƙo, sai dogon benci da wani madubi mai tabo a kusurwa. Amma a kan bencin nan ake sauke ministoci a naɗa wasu, a kori kocin ƙwallo, a raba auren da ba a ma ɗaura ba. Direba ya faɗi tasa, Tela ya ƙaryata shi, Baba yana tsakiya da almakashi yana ba kowa gaskiya. Shi kansa Baba sanƙo gare shi tas, sai ɗan gashin bayan kunne da yake kankarewa da reza kowace safiya. Da wuya rana ta faɗi Direba bai ce masa ba, "Mai aski babu suma! Wallahi ka ci amanar sana'a."

Ni wurina bayan labule ne, ɗan ɗakin da nake wanke tawul da ƙyallayen wuya, littafi a buɗe a kan guiwata. Na karanta labaran soyayya har na ɗauka na san yadda take zuwa: da tsawa, da ruwan sama, da wani baƙo a bakin ƙofa. Sai tawa ta zo min da alli a hannun riga.

Malamin tarihi ne a sakandaren da ke bayan kasuwa, shi ya sa Baba ya raɗa masa Mai Alli. Duk mako sai ya zo aski, alhali babu abin askewa.

"Malam," in ji Baba wata rana, "kan nan naka in na ƙara taɓa shi, fata zan ɗebo."

"A dai gyara gefe, Baba."

"Gefen kai, ko gefen labule?"

Benci ya ɗauki dariya. Ni kuwa na daskare da jiƙaƙƙen tawul a hannu, domin ta tsagar labulen ina ganin madubin, kuma a cikin madubin idanunsa ni suke kallo. A madubin nan muka fara gaisawa, tun kafin bakinmu ya iya. Daga baya ya turo manyansa, aka yi magana, aka ce sai an ga yadda ƙasa za ta kasance.

Ga yadda ta kasance. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka rufe jami'armu, aka fara kiran samari zuwa bakin daga. Duk wanda aka kira, umarni ne ya je da kansa a aske ƙwal. Yayana yana cikin na farko. Yaya mai gyaran waya ne, kuma duk layinmu babu mai ji da suma kamarsa, ya fi ɓata lokaci a gaban madubi fiye da ni. Baba ne ya aske shi da hannunsa. Yaya ya hau kujera yana zolaya, yana cewa, "Baba, yau dai hassadarka ta biya, za mu zama sanƙo biyu a gida." Da injin ya bi ta tsakiyar kansa, gashin ya zubo a kan ƙyalle, sai zolayar ta tsaya. Ya kalli kansa a madubi kamar an nuna masa wani mutum da bai sani ba, kuma bai so ya sani ba. Da farko yakan kira mu. Daga baya aka karɓe musu wayoyi. Tun daga nan shiru.

Shirun bai tsaya a gidanmu ba. Aka hana taron da ya wuce na gaisuwa, aka rufe jaridun da ke tambaya. Tela ya yi wata ba'a a kan bencinmu, ya ce yaƙin da kullum rediyo ke cewa an kusa gamawa ya fi wandon da ake kawo masa gyara tsawo. Washegari aka zo aka tafi da shi. Da ya dawo, ya dawo da ɗingishi, bai kuma ƙara cewa komai ba ban da sallama. Sai ga wani mutum mai baƙin tabarau ya fara zama a ƙarshen bencin kullum. Ba ya aski, ba ya hira, Baba kuma ba shi da bakin cewa ya tashi.

Ba wanda ya san wanda ya fara tara suma. Ba a yi taro ba, ba a rubuta komai a bango ba. Kawai dai mazan da aka aske 'ya'yansu da ƙannensu suka daina zuwa aski. Idan ka tambayi mutum sai ya ce, "Sai yaran sun dawo." Kan ka ce me, kasuwa ta cika da kawuna buzu-buzu: leburori, akawu, masu sayar da kayan miya. Ba su ɗaga murya ba, tafiyarsu kawai suke yi, amma duk wanda ya gan su ya ji abin da suke faɗa.

Mai Alli ya daina zuwa gyaran gefe. An kwashe rabin 'yan ajinsa na ƙarshe, yaran da gemu bai gama fito musu ba. Sumarsa ta taru, baƙa wuluk, tana murɗewa a ƙeya, ƙurar alli tana sauka a kanta. Allah ya sani ta yi masa kyau. Na yi alfahari da shi, irin alfaharin da nake karantawa a littattafai, har ranar da rediyo ya yi magana.

Sanarwar gajeriya ce. Tara suma zagon ƙasa ne, karya guiwar sojoji ne. An ba kowa zuwa ƙarshen mako. Wanda aka gani bayan nan da suma, to tunda yana kewar waɗanda ke bakin daga, za a kai shi ya same su.

Na same shi a ajinsa bayan an tashi, yana goge allo. Kujerun baya duk ƙura ta rufe su.

"'Yar Mai Aski," ya ce yana murmushi, "yau kuma talla aka aiko ki?"

"Ka ji rediyo?"

"Na ji. Muryar mai karantawar ma rawa take yi, bawan Allah."

"Kada ka mayar min da shi wasa. Gashi ne fa! Gashi! Ka aske, ya sake tsirowa."

Ya ajiye abin goge allon, ya nuna min wata kujera kusa da taga. "Mai wannan kujerar ba ya iya zama shiru. Kullum sai na kore shi waje saboda surutu. Ran da za su tafi ya zo ya ce min, Malam, yanzu ajinka zai huta. An hana ni faɗin sunansa a taron safe. An hana ni tambayar inda yake. An ba ni sabon littafin da zan koyar, wanda ya ce mu ba mu taɓa fara faɗa da kowa ba. Abin da ya rage min da zan ce ban yarda ba, shi ne wannan." Ya taɓa kansa. "In na aske, me zan shigo da shi ajin nan?"

"Ka shigo da ranka!" Kuka ya ƙwace min. "An ɗauke min Yaya. Inna ba ta barci, Baba ya zama kurma a shagonsa. Kai ma sai ka tafi don a ce ka yi jarumta? Wa zai gani? Wa zai tsayar da yaƙi saboda sumarka?"

"Wataƙila babu."

"To in kana sona, gobe ka zo shago."

Ya daɗe yana kallona. Na san abin da na yi, na ɗauki abu mafi tsarki da ke tsakaninmu na sa masa a wuya kamar igiya. Ban janye ba.

"Wannan ba adalci ba ne," ya ce a hankali.

"Na sani. Ka zo."

Washegari ita ce ranar ƙarshe, wa'adin zai cika da tsakar rana. Tun da hantsi layi ya kai bakin titi. Maza manya, kowa kansa a sunkuye, ba mai kallon wani. Baba yana aski ba ya ɗagowa, gashi ya taru a ƙasa har yana rufe masa silifa, ina sharewa wani yana zuba. A kusurwar titi wata mota mai rufaffen baya tana tsaye, injinta a kunne. Mai baƙin tabarau yana wurinsa.

Direba ma ya zo, wanda ɗansa na fari ke bakin daga. Da aka gama masa ya shafa kansa, ya yi ƙoƙarin dariya. "To Mai aski, ga mu mun zama 'yan gida ɗaya." Ba wanda ya taya shi. Ya fita yana goge ido da hularsa.

Rana ta take sosai, layin ya ƙare, sannan Mai Alli ya yi sallama. Ya sa farar rigarsa ta zuwa aiki, ya taje sumar nan tsaf. Ya durƙusa ya gaida Baba, bai kalli labule ba, ya hau kujera.

"Yaya za a yi maka, Malam?" in ji Baba.

"Yadda ake yi wa kowa, Baba."

Baba ya yafa masa ƙyalle, ya ɗaure a ƙeya. Ni na fito na tsaya da tsintsiya a hannu, zuciyata tana cewa alhamdu lillahi, alhamdu lillahi, zai rayu, zai tsufa a gabana, zan ga furfurarsa. Baba ya kunna injin. Ƙararsa ta cika shagon.

Sai na kalli madubi.

Na sha ganin fuskar nan a madubin nan, tana satar kallona, tana ɓoye murmushi. Yau ba ni take nema ba. Kansa yake kallo, da irin kallon da Yaya ya yi wa kansa. Ko injin bai taɓa shi ba, amma ya riga ya fara zama wancan mutumin da bai sani ba. Na ga yadda zai shiga aji jibi, ya buɗe sabon littafin, ya karanta wa kujerun da babu kowa. Na ga yadda zai zauna da ni shekara da shekaru, yana min kirki, yana min murmushi, ba tare da ya sake neman idona a cikin wani madubi ba.

Injin yana ƙara a hannun Baba, a dab da goshinsa. Bai sauke ba, bai kuma ɗora ba.

"Auta," ya ce da ni ƙasa-ƙasa, ba tare da ya juyo ba, "ke kika kawo shi."

Ban san lokacin da na jingine tsintsiyar ba. Na zo bayan kujerar. Ƙullin da Baba ya yi ya ɗaure tam, sai da na sa farce. Wannan ne karo na farko da hannuna ya taɓa sumarsa. Tana da laushi, tana ƙanshin sabulu da alli. Na zare ƙyallen na rungume shi a ƙirjina.

Idanunsa suka sami nawa a madubi.

"Kin tabbata?" ya ce.

"Ban tabbata ba. Tashi kafin in sake shawara."

Baba ya kashe injin. Mai Alli ya miƙe, ya kama hannun Baba da hannu biyu. "A yafe min, Baba."

"Allah ya tsare, ɗana."

A bakin ƙofa ya tsaya. "'Yar Mai Aski, ki ajiye min layi. In yaran sun dawo, ni ne farko a kujerar nan."

Na kasa juyawa. A madubi na ga komai, domin ƙofar shagon da rabin titi duk suna cikinsa. Na ga mai baƙin tabarau ya tashi ya kakkaɓe wandonsa. Na ga farar riga tana tafiya a tsakiyar titi, ba sauri, ba waiwaye, baƙar sumar nan ita kaɗai a cikin askakkun kawuna. Masu shaguna suka fito ƙofa suka yi cirko-cirko. Na ga an buɗe bayan motar. Daga nan tabon da ke kusurwar madubin ya rufe min sauran.

Littattafan da na karanta duk sun yi min alkawarin cewa wanda ya yi irin abin da na yi yakan ji wani sanyi a ransa. Ni ban ji ba. Bayan kwana kaɗan mahaifiyarsa ta zo har gida. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta zauna a bakin tabarma ta ce, "'Yata, an ce ya riga ya zauna. An ce har an ɗaura masa ƙyalle." Ta yi ta kallon hannuwana.

Shagon yana buɗe. Direba yakan zo ya zauna, Tela ma, ga mai tabarau a ƙarshen benci. Shekaranjiya Baba ya sunkuya yana gyara injin, sai na ga Direba ya ƙura wa bayan kunnensa ido. Wani ɗan gashi ne fari fat ya fito, siriri, ya fara lanƙwasa a kan kunnen. Direba ya buɗe baki, tsohuwar zolayar tana kan harshensa, sai ya dubi ƙarshen benci ya haɗiye ta.

"Mai aski," ya ce a maimakonta, "yau ana zafi."

"Ana yi," in ji Baba.

Kowace safiya ni nake kai wa Baba ruwan wanke fuska. Nakan wanke rezarsa, in goge ta, in ajiye a gefen kwanon inda ba zai kasa gani ba. Yakan wanke fuskarsa, ya ɗauki hularsa, ya ce, "Auta, mu je mu buɗe." Ban ce masa ya aske ba. Ban kuma daina ajiye rezar ba.