Mota Mai Kujera Biyu

Albarkar da uwa ta sa wa abin da ba ta gani ba, tana bin abin ne, ko tana tsayawa kan abin da ta zata? Sabitu ya kwana uku yana juya wannan tambaya, bai samu amsa ba. Ni ma ban samu ba.

Abin da ya gaya wa mahaifiyarsa, Hajiya Khadijatu, gaskiya ne: zai yi odar sabuwar mota daga waje. Ta ɗaga hannu ta yi addu'a, ta ce ranar da motar ta iso, kafin kowa ya shiga, zai kai ta Zungur ita da ƙannenta Maimuna da Habibatu su gaida dangi. Haka ake yi a gidansu, tafiyar farko ta uwa ce. Abin da bai faɗa ba shi ne motar ta tsere ce, ja, mai kujera biyu, cikinta kusan yana shafar ƙasa. Kuma shekara shida ke nan da gudu ya kashe wansa Mansir a hanyar Jos. Tun daga ranar, ko ɗan acaɓa ya ja wuta a lungunsu na Gwallaga, sai ta dafe ƙirji.

Ranar Laraba ya je wurin dillalin motocin, Istifanus, wanda suka yi firamare tare. Takardar oda na kan tebur, an cike launi da irin taya, saura sa hannu. Tun makon jiya Istifanus ya ba shi littafin hotunan motar ya ce ya nuna wa Hajiya, Sabitu ya ture shi ya ce shi ba yaro ba ne. Yau ma Istifanus ya sake tuna masa cewa da zarar takardar ta tafi, ba a janyewa, ba a canzawa.

"To Maimuna da Habibatu fa, a but ɗin kaya za ka zuba su?" in ji Istifanus.

"Kai dillali ne ko limami? Ba ni biro."

Ya ba shi. Sabitu ya riƙe biron. Ya so motar nan tun kafin ya fara gemu. Ya san in Hajiya ta ga hoton za ta iya cewa a'a, kuma in ta ce a'a, magana ta ƙare. Ya kuma san in ya sa hannu, nan da wata uku za ta fito ƙofar gida da mayafinta na unguwa, ƙannenta biyu a bayanta, ta tsaya tana kallon abin da ta sa wa albarka.

Wayarsa ta yi ƙara. Ita ce. Ta ce ta aika Zungur an gaya musu, har sun ce za su yanka rago, sannan ta tambaya ko kujerun baya suna da faɗi, saboda gwiwar Habibatu.

"Inna, ina zuwa," ya ce.

Ya ajiye biron. Istifanus ya jawo aljihun tebur ya fito da littafin hotunan. Sabitu ya karɓa, ya tare keke mai ƙafa uku zuwa Gwallaga. Ya tarar da ita a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ya durƙusa, ya buɗe shafin jar motar, ya ajiye a gabanta.