Tsamiyar da Isaka Ya Tace da Rawani

Shekarar da aka sami mulkin kai, maigari ya ce Gangara ma sai ta yi biki, aka ɗora wa gidan Isaka ruwan tsamiyar baƙi. In an ce gidan Isaka a wannan fanni, Delu ake nufi, matarsa da suka shekara ashirin da biyu tare. Shi aikinsa sha da yabo.

Damina ce, itace duk ya jiƙe. Delu ta jiƙa tsamiya a randa da ruwan tabki, ta durƙusa tana fama da murhu.

"Malam, sai fa an tafasa shi."

"Ke dai da tafasa. Ranar da Nasara ya tafi za mu tarbi baƙi da ruwan zafi? Miƙo rawanina."

Da sabon rawanin ya tace, har sau uku, ya ɗaga ƙwarya ya duba. Ko ƙwaro babu. Ya ce ta ɗanɗana. Ta sha ludayi guda, ta ce ya yi daɗi. Yabo ɗaya bai taɓa isar Isaka ba, ya sa ta ƙara.

Da aka gama biki, kwana biyu rabin Gangara na zarya bayan gari. Ana dariya, ana cewa mulkin kai ta ciki ya fara. Isaka ma ya yi tasa zaryar ya miƙe. Kowa ya miƙe, ban da Delu, da zawonta ya koma jini.

A amalanke ya kai ta asibitin Gazawa. Likita ya saurari labarin randar, ya ce akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, wuta ce ke kashe su.

"Sau uku na tace," in ji Isaka.

"Da me?"

"Rawani. Sabo ne."

Likita bai yi dariya ba. Isaka ya so a ce ya yi.

Ran kwana na biyar, da la'asar, Delu ta buɗe ido ta ga rawanin a kansa.

"Malam, ka wanke shi mana. Dubi tabon tsamiya, sai a ce ba ka da mata."

Kafin magariba, Delu ta cika.

Tun daga nan shi ke haɗa tsamiyar gidansa, ya tafasa ta har ta gaji. Baƙi kan kurɓa su ajiye, su ce ta Delu ta fi, wai tafasawar nan ce ke kashe ɗanɗano.

"Tata ma tafasasshiya ce," yakan ce, ya gyara rawani. Tabon yana nan ta wajen kunnen hagu.