Jar Cittar Gagarau

Da bugu na uku rabin duron ya tsage, ƙasa ta zube a tsakar gida. Baba Gagarau ya ajiye guduma, ya durƙusa yana haki.

"Shekara saba'in da ɗoriya," ya ce wa matarsa, wadda ke shanya a kan igiya. "Nuna mini yaron da zai fasa duro da bugu uku."

"Tsatsa ta riga ka, maigida."

Bai kula ta ba. Mutumin da mota ta kife da shi sau biyu ya fito yana kaɗe riga ba ya tsayawa musu da mai shanya. Shekara talatin ya yi yana kula da lambun wani otal, bai taɓa zama a aji ba, amma masu takarda har da littafi suke zuwa su tambaye shi. Ranar da ya bar aiki da abu ɗaya ya fito: saiwar cittar ado, wadda ba a ci, mai fure ja kamar garwashi. Shekarar da ruwa ya ci unguwa, wasu katifa suka ɗauka. Shi cittar ya ɗora a ka, ruwa har ƙirji. Duk layin nan babu mai irinta, kuma ko ganye bai taɓa ba kowa ba.

Amma damina biyu ke nan ba ta yi fure ba. Ta cika duron ta shaƙe kanta, ganyen ya koma rawaya. In ba a raba ta ba, mutuwa za ta yi.

Ya wanke saiwar da buta. Ta murɗe da juna kamar yatsun da aka sarƙe. Da ya danna tsakiyarta da babban yatsa, sai yatsan ya nutse, wani wari ya taso. Uwar ta ruɓe.



Ya goga wuƙa a dutse, ya kara ta a wuta, ya shiga yanka daga gefe, inda naman ke da tauri. Kowane yanki sai ya tabbata yana da toho. Ya yar da ruɓaɓɓen, ya shafa wa wuraren yankan toka, ya jera su a inuwa su sha iska. Daga saiwar da ta cika duro, biyu kacal suka tsira.

"Ɗaya sabon duro," ya ce. "Ɗayan kuma..."

Ya dubi tsakar gidan. Siminti ne daga bango zuwa bango, inuwa kuwa lungu ɗaya ce, inda duron yake. In ya haɗa su wuri ɗaya, cutar da ta kama ɗaya ta kama ɗayan. In na duron ya ƙi, shi ke nan, an rufe littafi.

"Ka kai wa Mai Guga," matar ta ce, tana matse zane. "Bayan shagonsa ba ya rabo da laima."

"Wancan? Wanda ko albasa ba ta tsira a hannunsa?"

"To, cinye shi."

"Ke ko damuwa ba ki yi ba, tsohuwa."

"Abin da ya tsallake ambaliya ba zai mutu a buta ba."

Bayan azahar ya naɗe yankin a jiƙaƙƙen tsumma, ya sa hula. Shagon Mai Guga na ƙarshen layi, bayan mai gyaran keke. Shekara goma sha biyu mutumin nan yake roƙonsa tsiro ɗaya, shi kuma yana ce masa ya je ya fara koyo da ciyawa.

Ya same shi yana yayyafa wa wata farar riga ruwa.

"A'a, Gagarau da kansa! Wanki ka kawo, ko gori?"

"Ajiya na kawo. Ka ji da kyau, ajiya, ba kyauta ba." Ya buɗe tsumman a kan teburin guga. "Sai gobe za ka dasa. Zurfin yatsu uku, tohon na kallon sama. Ban da ruwan sabulu. In ka kashe ta, ni da kai har lahira."

Mai Guga ya kafe dutsen guga a tsaye. Ya dubi saiwar, ya dubi fuskar tsohon, dariyar da ya fara ta koma.

"Taka ce ba lafiya, Yaya?"

"Wa ya ce? Yawa ta yi mini."

"To zo ka zaɓar mata wuri da kanka."

Suka ratsa ta cikin rigunan da ke rataye, Mai Guga ya ture ƙofar baya. Wani ɗan fili ne tsakanin bango da tankin ruwa, ƙasa baƙa, sanyi kamar bakin rijiya. A jikin bangon kuwa citta ce tsaye, ta kai kafaɗar mutum, ganye shar, fure ja guda bakwai.

Baba Gagarau ya ƙirga su sau biyu.

"Shekara huɗu ke nan," Mai Guga ya ce, yana sosa ƙeya. "Wani toho ne ya ɓullo ta tsagar duronka. Mai ɗakinka ta kawo mini a gwangwani, ta ce kada ka ji."

"Kuma ka ci gaba da roƙona?"

"Da na daina ai da ka gane."

Tsohon ya matsa, ya kama wani ganye, ya juya bayansa, ya tona gindin da yatsa. Saiwa tauri kamar dutse. Ya nemi aibu sama da ƙasa.

"Ga shi ka bar kararen da suka gama fure," ya ce a ƙarshe. "Ba sa sake yi. Sare su ake."

"Ban sani ba."

"Ina za ka sani?" Ya miƙe, ya kaɗe gwiwa. "Irina ce, shi ya sa ta jure maka."

Ya naɗe yankinsa a tsumma, ya nufi ƙofa, sannan ya tsaya.

"Mai gyaran keken nan, akwai inuwa a bayan gidansa?"