Kututturen Malam Aulis

Ƙanena Ilpo yana da shekara hamsin da biyu lokacin da ya ƙudurta sai ya nuna wa mahaifinmu cewa shi ba daƙiƙi ba ne. Ni a ganina ya makara, amma ba wanda ya nemi shawarata.

Mahaifinmu, Malam Aulis, shi ya riƙe makarantar ƙauyenmu, mai aji ɗaya tak, shekara talatin da takwas. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, kuma yana alfahari da hakan. A aji yakan yi magana yana fuskantar allo, in ya juyo ya jefo tambaya, ya zama dole amsa ta fito nan take. Ni tawa tana fitowa. Ta Ilpo ba ta fitowa. Sai ya tsaya ƙiƙam, baki a ɗan buɗe, yana kallon leɓen Baba kamar a nan aka rubuta amsar. Wata rana Baba ya ce masa a gaban aji, "Zauna, Kututture." Daga ranar sunan ya bi shi. 'Yan aji suka ɗauka, maƙwabta suka ɗauka, ni ma na ɗauka.

Yana ɗan shekara goma sha uku ya kamu da son metal, kiɗan nan da ke sa tagogi rawa. Ya tara gashi har gadon baya, ya daina sa kowane kaya sai baƙi. Baba ya ce ai an samu shaida, kan da ba komai a ciki dole ya nemi hayaniyar da za ta cika shi. Da ya girma sai ya kama tuƙin injin sare itatuwa a daji, aikin da mutum zai wuni ba wanda ya ce masa uffan. Ranar Asabar kuma yana buga ganguna tare da abokinsa Reijo da wasu mutum biyu, a tsohon garken shanun uban Reijo. Sun shekara talatin suna yi. Sun canja wa ƙungiyarsu suna sau huɗu, amma ba su taɓa yin wasa a wajen gundumarmu ba.

Reijo ne ya kawo labarin. Muna zaune a gidan mai na bakin hanya, inda kowa ke shan kofin safe, ni na fito daga kantin magani inda nake aiki, su kuma sun shigo da takalman aiki. Ya shimfiɗa wata sanarwa a tebur. Wata mai bincike daga jami'ar birni tana neman masu jin metal za ta gwada basirarsu, saboda an daɗe ana yamaɗiɗi a jaridu cewa yara masu kaifin ƙwaƙwalwa sun fi son irin wannan kiɗa.

"Kun ji ko?" in ji Reijo. "Ashe mu ne masu kai a ƙasar nan. Shekara talatin muna zaune a kan ilimi ba mu sani ba."

Na ce, "Kai da ka haɗa wa coci wayar lantarki, har yau fitilar ke kunna kanta?"

"Wannan ikon Allah ne, Marjut, ba aikina ba ne."

Ilpo bai yi dariya ba. Ya jawo sanarwar gabansa ya karanta ta sau biyu, yana bin layi da yatsa.

"Suna ba da takarda?" ya ce. "Wadda aka rubuta sakamako, aka sa hannu?"

"Jama'a, Kututture zai yi digiri!" in ji Reijo, har yana zubar da kofi. "Wa za ka nuna wa, itatuwa?"

"Baba," in ji Ilpo.

Baba yana da shekara tamanin da shida a lokacin, yana gidan kula da tsofaffi, ƙafafu sun ƙi amma kai garau. Na so in ce wa Ilpo ya rufa wa kansa asiri, don in takardar ta fito da akasin abin da yake so, shi da kansa ya je ya sayo wa sunan hatimi. Na shanye kofina na koma aiki.

An yi gwajin a zauren ɗakin karatu na gari, wata Talata da hantsi. Ta tagar kantinmu na ga suna shiga, mutum kusan arba'in, duk cikin baƙaƙen riguna masu hoton ƙwarangwal, yawancinsu da tumbi da furfura. Akwai direban motar asibiti, akwai matar da ke gyaran haƙori, har da mataimakin limamin coci. Ilpo ne kaɗai ya sa riga mai kwala, ya ɗaure gashinsa.

Da azahar ya shigo kanti, rigar ta jiƙe a hammata.

"Yaya aka yi?"

"Na zane-zanen ba wuya," ya ce. "A nuna maka siffofi, ka faɗi wadda ta ɓace. Har na gama na zauna ina jira. Sai aka zo na biyu, matar ta riƙa karanto lambobi da kalmomi daga takarda, wai in maimaita." Ya ɗauki kwalbar maganin tari ya duba, ya mayar. "Kamar ajin Baba, Yaya. Sak."

Bayan mako biyu kowa ya samu sakamakonsa ta wasiƙa, ban da shi. Reijo ya fito tsaka-tsaki, ya ce ai dama shi mutum ne mai adalci. Shi kuwa Ilpo, saƙo aka aiko masa cewa mai binciken tana son ganinsa. Ya ce in raka shi, wai ni ce na saba da maganar 'yan boko.

Sunanta Saila, 'yar siririya mai tabarau, ba ta fi shekara talatin ba. Ta ajiye takarda a gabanmu mai layi biyu, ɗaya dogo har ya kusa fita daga shafin, ɗaya ɗan guntu.

"Wannan dogon na siffofi ne," ta ce. "A cikin duk waɗanda na gwada, mutum biyu ne suka kamo ka. Wannan guntun na saurare ne. Ban taɓa ganin tazara irin wannan a mutum ɗaya ba."

"To wanne ne ni?" in ji Ilpo.

Ta ɗauki wani littafi ta kare bakinta da shi, ta ce da muryarta ta yau da kullum, "Ilpo, in kana jina, ɗaga hannu."

Ya zauna yana kallon littafin. Ta sake faɗa. Ya juyo ya dube ni, don ya gane daga fuskata ko an yi magana. Hannunsa yana kan gwiwa.

Da ta yi masa bayani, fuska da fuska, sai ya sunkuyar da kai. "Gangunan ne," ya ce. "Dama an sha faɗa mini." Ta ce ita ba likita ba ce, amma ya je a duba kunnen kafin ta rubuta komai.

Muna fita na tambaye ta abin da binciken nata ya gano. Ta ɗaga kafaɗa, ta ce da sauran lissafi, amma ga alama masu jin metal kamar kowa suke, akwai masu kai, akwai marasa shi, akwai na tsakiya da yawa. Na ce mata da ni ta tambaya tun farko, da na hutar da ita.

Likitan kunne dattijo ne mai son zane. Ya sa Ilpo a wani ɗan ɗaki da abin saurare a kai, bayan rabin sa'a ya fito mana da takarda mai layi da ya lotsa a tsakiya kamar kwano.

"Ka ce ganguna kake bugawa?" ya ce, yana kallon Ilpo ido cikin ido. "To ba su ba ne. Hayaniya daga sama take cin kunne, siririn sauti take fara ɗaukewa. Naka saman da sauransa, ƙasan ma lafiya lau. Tsakiyar ce babu, kuma a tsakiyar nan maganar mutane take. Irin wannan da shi ake haihuwar mutum."

"Tun ina yaro ke nan?"

"Tun kana yaro. Rugugin ganga kana jinsa, kukan jita kana jinsa. Muryar mutum ce ke faɗawa rami, musamman in ya yi a hankali ko ya ba ka baya. Yadda ka kai waɗannan shekaru da kallon baki kawai, wannan ba ƙaramin kai ba ne."

Ya ce za a haɗa masa na'urar kunne, amma sai nan da mako shida.

A mota Ilpo bai kunna kiɗa ba, abin da ban taɓa gani ba. Mun yi nisa cikin daji kafin ya yi magana.

"Na ɗauka kowa haka yake ji," ya ce. "Na ɗauka ku kun fi ni saurin cike gurbin ne." Can kuma ya ce, "Ranar da na fara jin kiɗan nan a gidan su Reijo, shi ne abu na farko da na ji gaba ɗayansa, ba sai na yi ta kintace ba."

Na ji kunya ƙwarai. Na shekara arba'in da wani abu ina kiran ƙanena da sunan nan, ni da nake sayar wa tsofaffi batirin na'urar kunne kowane mako.

Bai jira mako shidan ba. Saila ta aiko masa da takardarta, da sa hannu, ya haɗa da ta likita ya sa a jakar leda. Ranar Lahadi bayan abincin rana muka tafi wurin Baba. Mun same shi a kujerarsa kusa da taga, da bargo a gwiwa, an ajiye masa kofi da ɗan burodi mai kirfa.

"Marjut," ya ce. Ya dubi Ilpo. "Har da kai. Yau ba a fasa wa shanu kunne?"

Ilpo ya miƙa masa takardun. Baba ya sa tabarau. Ya karanta ta Saila yadda yake duba jarrabawa, daga sama har ƙasa, ya koma kan dogon layin ya daɗe. Sannan ya ɗauki ta likita. Wannan bai daɗe a kanta ba. Ya cire tabarau, ya juya fuskarsa wajen taga, ya yi magana da muryar nan tasa ta aji.

"Na sani. Ma'aikaciyar jinya ta gwada kunnen yaran makaranta, ta ba ni takardarsa. Ta ce a kai shi birni, makarantar kurame, sai hutu zai riƙa dawowa. Uwarku ta kwana uku tana kuka. Na ce ɗan malami ba zai je can ba, ni zan koyar da shi."

Ilpo yana kallon ƙeyar Baba. Ya juyo gare ni.

"Me ya ce?"

Na ce, "Baba, bai ji ba. Sake faɗa."

"Ke ki gaya masa."

"A'a. Juyo ka dube shi, ka ɗaga murya."

A rayuwata ban taɓa ba Baba umarni ba, kuma na ga abin ya ba shi mamaki fiye da takardun. Ya daɗe yana murza bakin bargo. Sannan ya juyo, ya maimaita duka, da ƙarfi, kalma bayan kalma, har wata mai aiki ta leƙo ta ƙofa ta koma.

Ilpo ya gyaɗa kai a hankali. Bai yi fushi ba, ko kuma bai nuna ba. Ya karɓi takardunsa ya daidaita gefensu a kan gwiwa.

"Shekarata nawa lokacin?"

"Bakwai."

"Da ka sa mini sunan fa?"

Ni na san amsar, don ina ajin ranar.

"Tara," in ji Baba.

"To," in ji Ilpo.

Ya mayar da takardun cikin leda, ya tashi, ya juya yana neman hannun rigar sanyinsa. A lokacin ne Baba ya ƙara wata magana, gajeriya, ƙasa-ƙasa, idonsa a kan kofin da ya huce. Magana ce da Ilpo ya shekara arba'in da uku yana jira. Ni na ji ta. Shi ya riga ya ba da baya, ya ja zif ɗin rigarsa ya fita.

Na tsaya ko Baba zai kira shi ya sake faɗa da ƙarfi. Bai kira ba, sai ya ce in miƙo masa sukari.