Riga Marar Maɓalli

"Fito, munafuki! Fito ka ga aikinka!"

Direba ne ke dukan ƙofar shagon, har almakashi ya zame daga kan keken ɗinki. Tela ya fito da zare a baki. Ɗazu da safe maƙwabcinsa Fenta ya faɗi a bakin famfo yana jijjiga, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Direba ƙanin mamacin ne.

"Allah ya jiƙansa," in ji Tela.

"Riƙe addu'arka. Wa ya kai shi tankin nan?"

Tun da Fenta ya faɗo daga tsani ya bugu a ka, bai koma daidai ba. Raunin ya warke, amma sai ya wuni yana kallon bango, burushinsa ya bushe a gwangwani. Likita ya ce ciwon damuwa ne da kan biyo bayan bugun kai. Tela ne ya jiyo labarin tankin, wata gangar ƙarfe a asibiti da ake rufe mutum ciki a matsa masa iskar oksijin. Likita bai yi alkawari ba, ya dai ce wasu kan ji sauƙi. Ba a shiga da ƙarfe, don haka Tela ya ɗinka masa rigar auduga zalla, ba zif, ba maɓalli.

"Ai an ce tsohon raunin ne ya tashi, ba tanki ba," in ji Tela.

"An ce, an ce! Ka ɗauka mu jakai ne? Yayana ka tura gwaji. In ya fito da rai, sannan ka sa ɗanka."

Tela ya cire zaren daga bakinsa. Dogo, ɗansa na fari, tun da babur ya yar da shi yake ɗaki, labule a sake, abinci sai an yi da gaske. Jibi ne ranarsa ta fara shiga tankin.

Uwar Dogo ta ɗaga murya daga tsakar gida. "Ka dai ji da kunnenka. Wallahi ba inda za shi. Ɗana ba kifin gwangwani ba ne."

Sai ga matar Fenta, idanu jajur, ta jefo wa Tela rigar audugar. Rigar ta faɗi a gefen kwata.

"Ga tsiyarka. Da ka bar min shi yadda yake, da na riga na haƙura. Makon jiya ya dawo daga can ya ce in miƙo masa burushi, har da tsokanata wai shayina ruwan wanki ne. Ka sa na sa rai. Dubi ƙofar can, wa zai ƙarasa min ita?"

Ƙofarsu rabi shuɗiya ce, rabi tsatsa.

Direba ya tofar da yawu, ya ja ta suka shige. Tela ya sunkuya zai ɗauki rigar.

Wani dogon hannu ya riga shi. Dogo ne, ba takalmi, yana ƙifta ido saboda rana. Ya daɗe yana kallon ƙofar su Fenta. Ya kakkaɓe rigar, ya ɗora ta a kafaɗunsa.

"Baba, hannun ya yi min gajere."

Uwarsa ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Tela ya laluba wuyansa, ya zaro tef ɗin awo.