Ranar da Aka Yi Rububin Dogo

Ɗan kwangila mai jar hula ya riƙe hannun rigar Dogo na dama, wani mai tumbi ya damƙe na hagu. Shi ko Dogo, baki har kunne.

Shekara da shekaru yana tsayuwa a wannan mararraba kowace safiya, yana bin motocin masu neman ma'aikata da gudu kamar kaza ta ga tsaba. Yanzu benaye sai tsirowa suke ko'ina a gari, masu sa tayil sun yi wuyar samu, kuma Dogo mai sa tayil ne.

"Na ninka maka kuɗin jiya," in ji mai jar hula.

"Ni ma na ninka, ga abincin rana," in ji mai tumbi.

"Da nama?" in ji Dogo.

"Da nama."

"Kujerar gaba fa? Na gaji da zama kan buhun siminti."

"Har rediyo kai za ka murɗa."

Leburori suka kwashe da dariya, mai jar hula ya ja tsaki ya saki rigar. Daɗi ya kama Dogo har ya ɗan taka rawa.

A cikin juyin ne ya hango wansa, Yaya, ya dogara da shebur, ya fi kowa dariya. Da wannan shebur ɗin ya biya wa Dogo kuɗin koyon sana'a. Ya kwana biyu ba wanda ya ɗauke shi: leburori sun yi yawa, ladarsu kuwa tana nan inda aka bar ta tun bara waccan.

Dogo ya ja mai tumbi gefe. "Ba na aiki sai da mai kwaɓa mini siminti. Ga shi can."

"Dattijon nan? Leburori har sun ishe ni. Sai dai ladarsa ta fito daga ƙarin da na yi maka."

Rage ƙarin ya yi wa Dogo zafi tun kuɗin bai taɓa tafinsa ba.

"Ta fito. Amma kada ya ji."

Da mai tumbi ya yafito shi, Yaya ya saɓa shebur, ya dubi sauran leburori. "Kun gani? Mutumin nan yana da ido. Gwani ba ya ɓuya."

Direban mai tumbi ya buɗe wa Dogo ƙofar gaban mota. Dogo ya leƙa kujerar, ya shafa ta, ya mayar da ƙofar, ya ɗare baya kusa da Yaya.

"Kujerar taka fa?" in ji Yaya.

"Nan ya fi iska, Yaya."